Moɗar da Inna ta sha

Rijiyar da marigayi Baba ya haƙa a bakin fadamar Sabon Gida ta ɓaci tun damina, da ruwa ya kwaso jarkokin maganin ƙwarin albasa ya juye mata. Awakin maƙwabcinmu Illa suka sha, ba su kai yamma ba. Mai gari ya ce a cike ta da ƙasa. Inna ta ce sam, a jira ɗanta.

Ɗan nata yayana ne, Mahfuzu, da ya daɗe a Faransa yana karatun karya guba da lantarki. Ya taɓa yi mini bayani a waya: akwai wani gishiri mai zama ruwa da kansa, a zuba guba a cikinsa, a tsoma ƙarafa biyu, a saki wuta, sai gubar ta wargaje. Wani lokaci a tukunyar ƙarfe suke yi, a matse iska har ta rasa ko ita iska ce ko ruwa. Inna ba ta riƙe ko ɗaya ba. Abin da ta yaɗa a gari kawai, ɗanta yana kashe guba.

Da ya zo, bai ɓoye mata ba.

"Inna, abin da nika yi cikin labo, ɗakin gwajinmu, bai wuce cokali guda ba."

"To ka yi ma rijiyar cokali-cokali," in ji ta.

Wa zai ja da Inna? Ya jawo ruwa bokiti ɗaya, ya haɗa batir da faifan sola, ya ciro baƙaƙen sanduna daga tsofaffin batiran tocila. Gishirinsa na can babu shi a nan, sai ya barbaɗa na miya. Ruwa ya yi ta ƙananan kumfa, warin magani ya ɗauke. Rabin gari na tsaye a kansa.

"Shina shawuwa?" mai gari ya tambaya.

"Ban sani ba, ranka shi daɗe. Wari ya tahi, amma guba in ta karye rabi, wani sa'in abin da ta bari ya hi ta muni. Sai an kai birnin Yamai an auna."

Illa ya tuntsire da dariya. "Duk karatun ga, sai 'ban sani ba'? Ai ko ni na iya wannan!"

Dariya ta kama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya yayana ya faɗa, kuma a garinmu gaskiya ba ta da farin jini irin na cika baki. Na dubi Inna. Ta gyara mayafi, ta ratsa maza, ta cika moɗa daga bokitin ta kafa kai. Kafin Mahfuzu ya kai hannu ta shanye.

"Ruwan ɗana ne," ta ce.

Sai kabbara. Mai gari ya ce an fasa cike rijiya. Mata suka ruga gida ɗauko guga, Mahfuzu yana ta ihu cewa bokitin kaɗai ya taɓa, rijiya tana nan yadda take. Babu mai sauraronsa.

Ya juyo ya riƙe hannun Inna.

"Inna, mi kika ji ga cikinki? Mu tahi likita yanzu."

Ta zare hannunta, ta yi ƙasa da murya.

"Yi shiru. Kada ka ba ni kunya sau biyu."