Numfashin Lavell

Makarantarmu a ƙolin duwatsun Wyoming take, inda iska ba ta da auki. Ka zuƙa, ka ƙara zuƙa, ƙirji bai cika ba. Mu mun saba. Baƙin da suka hauro daga bakin teku kuwa, kafin hutun rabin lokaci sun fara zazzare ido. Da wannan Koci Brandvold, mai horar da ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, yake cin wasa. Babu taruwa a yi shawara, babu sauya ɗan wasa, ana kayar da mai ƙwallo sai mu ruga mu ja layi mu sake afkawa. Muddin ba mu sauya namu ba, alƙalin wasa ba zai tsaya jiran su sauya nasu ba. Wanda ya gaji sai ya yi ta kansa.

Ni ne a tsakiyar layi, ni nake cilla ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna zuwa ga Tanner, mai jefa wa 'yan wasanmu ƙwallo. Saurin duk a hannuna yake. Asabar ɗin nan kuma, wanda ya durƙusa a gabana, hular kwanonsa tana gogar tawa, ƙanena ne Lavell, cikin rigar baƙi daga Louisiana.

"Yaya Cleavon, wannan tumbin fa?" ya ce. "Bauna guda suke ba ka da safe?"

"Auta, rufe baki ka adana numfashi. Za ka neme shi."

Da dariya na faɗa, amma tun safe hankalina yana kansa. Lavell yana ɗauke da rabin jinin sikila. A gida ko ciwon kai bai taɓa sa masa ba. A kan dutse kuwa, idan aka matsa wa jiki babu hutu, yana iya kayar da ƙato ya ƙi tashi.

Zango na ƙarshe suna gabanmu da 'yan maki, lokaci na gudu, muna korar su kamar kaji. Tanner yana tafi yana ihu, "Sauri! Sauri!" Na cilla, muka yi karo, muka tashi, muka ruga. Na sake cillawa. Biyu daga cikinsu sun riga sun kwanta da ciwon ƙarya don a tsayar da wasa, 'yan kallonmu suka yi musu ihun maƙaryata har filin yana rawa.

Sai na lura Lavell ya daina zagina. Wallahi shirun nan ya fi komai tayar min da hankali. Da muka yi karo ban ji ƙarfinsa ba, jingina kawai ya yi a jikina. Ya dafe ƙugu yana haki. Mai canjinsa yana bakin layi yana tsalle, ba halin shigowa, don ni ban bari ƙwallo ta huce ba.

"Kwanta, Auta," na ce masa ƙasa-ƙasa. "Kwanta su fitar da kai."

"A gabanka? Su yi min ihu?" Da ƙyar maganar ta fito. "Miƙa ƙwallonka, Yaya."

Ɗan banzan taurin kai! Na riƙe ƙwallo ina kallon leɓensa da ya yi fari fat. Saura ƙiris mu kai layin da ake cin maki. Tanner ya tafa, ya sake tafawa, ya daka min tsawa, "Cleavon! Me kake jira?" Na san faɗuwata za ta cinye ɗan lokacin da ya rage mana, na kuma san Koci ba zai yafe ba.

Na saki ƙwallo, na kama gwiwata, na zube.

Usur ya tashi. Filin ya yi tsit, don ba a taɓa ganin ɗan gida ya kwanta ana tsakiyar kora ba. Likitanmu ya iso da gudu, ya durƙusa yana laluben ƙafata.

"Ina ne? Nuna min wurin."

Na caƙumi wuyan rigarsa, na juya fuskarsa wajen Lavell, wanda ya riga ya kai gwiwa ƙasa yana neman iska da baki buɗe.

"Ba ni ba," na ce. "Ƙanena. Don Allah yi sauri."