Takalmi Ƙafa Ɗaya

"Ku yi sauri mana!" in ji Malama, karo na nawa ma ta manta. Ta je taga, ta dawo, ta ɗauki alli, ta ajiye.

Wasan 'yan aji uku ne. Baba mai gyaran takalmi, da rumfarsa ke daura da tagar ajin, yakan jefa wani abu a jaka, yara su laluba su fito da shi, su ƙaga masa labari, kowa jimla ɗaya a kan allo. In sun gama su karanta masa ta taga, shi kuma ya daka tsawa, "Ƙarya ne!" ajin ya kece da dariya.

Yau rumfar a rufe take. Da safe 'yarsa ce ta miƙo wa Malama jakar, don katanga ɗaya ta raba gidajensu.

"Jikin ya yi tsanani, Malama. Amma ya ce in kun gama a zo a karanta masa."

Takalmin yaro ne a jakar, ƙafa ɗaya. Labari ya tafi daidai har jimlar ƙarshe, nan gardama ta sarƙe.

"Kada ne ya haɗiye ɗayan!" in ji wani mai giɓi.

"Kada ba ya cin takalmi," in ji Autar Aji, wadda ba a taɓa kayar da ita a musu ba. "Aure ya tafi yi."

Dokar wasan kuwa, babba ba ya sa baki. Malama da kanta ta kafa ta, ga shi yau ta ɗaure ta. Tsoron kada lokaci ya ƙure wa Baba ya cika ta, jimla har ta zo mata baki, ta haɗiye.

Autar Aji ta ce, "Malama, ki bar mu mu yi mai kyau. Baba ba ya son na gaggawa."

Suna cikin ɗaga hannu don zaɓe kuka ya tashi daga gidan Baba da ke bayan rumfar. Malama ta zauna a kan bencin yara, allin na hannunta.

Aure ne ya ci zaɓen. Autar Aji ta rubuta jimlar, ta je taga kamar kullum, ta karanta da ƙarfi tun daga farko. Da ta kai ƙarshe ta tsaya tana jira. Sauran ma suka jira, suna kallon bencin Baba da aka kife a jikin ƙofar rumfar.