Fillancin Hansai

Tun da ƙanwarta ta rasu, Hansai ba ta ƙara samun wanda zai amsa mata da Fillanci a Mahuta ba. Shanu sun ƙare, 'ya'ya sun koma noman masara, bakinsu Hausa zalla.

Da jikanta Manu ya zo hutu daga jami'a, sai ta same shi a inuwar rumbu yana sauraron wata tsohuwa tana waƙa a waya.

"Maigida, kishiya ka yi mini?"

"Ina! Wannan ta girme ki, amarya. Bayahudiya ce. Karatunmu ke nan wannan zangon."

Ya yi mata bayani cewa Yahudawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Yaman, na Habasha, na Maroko, har da na Indiya, kowa da abincinsa da irin waƙarsa. Ita wannan daga duwatsun Iraƙi iyayenta suka fito. Jikokinta sun tashi da wani harshe, nata kuwa tsofaffi kaɗan suka rage masu jin sa, shi ya sa malamai ke gaggawar ɗaukar muryoyinsu.

"Abin tausayi, Kaka. Ran da aka sa mana a aji har ƙwalla na yi."

Hansai ta dubi wayar. Bakinta cike yake da kirarin shanu da waƙar tatsa da ta koya a wurin uwarta. Ta so a ce ita ma ya ɗauki muryarta. Amma Bafillatana ba ta roƙo, ko da yunwa za ta kashe ta. Sai ta kewaya: ta yi gyaran murya, ta soma rera waƙar ƙasa-ƙasa, kamar don kanta take yi.

Manu ya yi dariya. "Kin fara yaren naku? Dakata, Kaka, kar ki ɓata mini, jarrabawa za a yi mana a kan wannan."

Ta katse waƙar. Yaron zamani, ana nuna masa abu a gabansa, idonsa na can wata ƙasa.

Ran komawarsa ta raka shi bakin hanyar Funtua tana dogara sanda.

"Tsofaffin nan, jikokinsu ne ke ɗaukar muryar?"

"Galibi baƙi ne, masu bincike."

"To," in ji ta. "Allah Ya kawo mana baƙo."

"Amin," ya ce, hankalinsa na kan mota, ya shige.