Zaren Velika

'Yata Rumyana ta ce wannan zuwan ba na hutu ba ne, so take ta gan ni da idonta. Na san me hakan ke nufi. Ƙanenta Lachezar ya riga ya je ya duba gidan tsofaffi a birni, wanda tun daga ƙofa warin miyar kabeji ke tarbar mutum. In ta ga kaina ya fara kwancewa, can za a kai ni, gidan da na haife su a ciki kuma a danna masa kwaɗo kamar sauran gidajen layinmu.

Ni dai ban ce ba na mantuwa ba. Na taɓa tsintar tabarauna a firji kusa da cuku. Na ƙona tukwane. Nakan shiga ɗaki in tsaya kamar baƙuwa, na rasa abin da ya kawo ni. Amma wa ya tambaye ni yaushe abin ya fara? Lokacin da maƙwabciyata Velika take raye, kullum da hantsi muna kan bencinta muna shan kofi muna gulmar matattu, tunda masu rai sun ƙare a ƙauyen. Wallahi a lokacin ko sunan karen wani ban taɓa mantawa ba. Da aka binne ta a watan Afrilu, sai ranaku suka manne da juna. In motar burodi ba ta zo ba, ban san ranar da ake ciki ba. Wanda ba shi da abokin hira sai kaji, me zai riƙe a ka?

Na tura ƙonannun tukwanen bayan rumbu. Rumyana ta iso daga Spain a watan Yuli, ta rame, tana ta leƙa kwanuka kamar ma'aikaciyar duba-gari. Ta tambaye ni ranar wata da dabara, wai wayarta ta mutu. Na gaya mata, na ƙara mata da ranar da ta yi fitsarin kwance a gidan kawunta, don ta san da wa take.

Ikon Allah, da mutum a gida sai kan ya dawo. Na yi barci har safe. Na dafa wake ban ƙona ba, ga gishiri daidai. Sunayen da suka gudu suka riƙa dawowa da kansu. Na jiyo ta a lambu tana gaya wa Lachezar a waya cewa Mama garau take, a bar maganar tukuna. Na zauna a bakin gado ina murna, har da hawaye.

Ana gobe za ta tafi na ce sai na yi mata banitsa, gashin ƙullun nan mai ɓawo ƙaras-ƙaras da cuku a ciki da take so tun tana yarinya. Na zuba gari, muna ta surutu, na naɗe hannun rigata har gwiwar hannu. Sai na ga idonta ya kafe a hannuna.

Martenitsa ce a wuyan hannuna, zaren nan ja da fari da ake ɗaura wa juna a ƙasarmu ranar ɗaya ga Maris. Ko ɗan yaye ya san ƙa'idarsa: ka ga shamuwar farko, ka kwance, ka rataya a reshen da ya yi fure. Tun zuwan Rumyana nake tura shi can sama ƙarƙashin riga. Ranar nan daɗin hira ya sa na sha'afa. Farin ya koma ruwan toka, ga shamuwa a kan turken lantarki daidai tagarmu, 'ya'yanta har sun fara gwada fiffike.

"Mama," ta ce a hankali, "Yuli fa muke. Ba ki ga shamuwa ba ne?"

Na gan ta mana, tun ranar da ta sauka. Velika ce ta ɗaura min zaren, da yatsunta masu rawa, tana zagina wai hannuna ya bushe kamar ƙafar kaza. Daga ita babu wanda ya sake taɓa ni sai da Rumyana ta rungume ni a bakin ƙofa. Sau nawa na je gindin tuffa na ɗaga hannu, na dawo da abina.

Na tsaya da ƙullu a hannu ina auna amsa. In na ce na manta, kai ya kwance ke nan, sai birni. In na faɗi gaskiya, za ta ji irin zaman da uwarta ke yi, ba za ta iya barina ba, sai birni. Sai dai wannan ta biyun za ta bi ta har Spain, ta hana ta barci, alhali can ma tsohuwar wasu take wa wanka don ta ci abinci.

"Mama, wa ya ɗaura miki?"

"Ban tuna ba, 'yar nan," na ce. "Na manta."

Ta ɗauki wuƙa ta yanke zaren a hankali don kada ta ji min ciwo, ta sumbaci wurin, sannan ta ɗauki wayarta ta fita lambu. Wannan karon ta ja ƙofa.