A Goge Wanda Aka Gani

Kwamfutar Ƙasimu mai hoto ba ta tashi yi masa gardama ba sai ranar Talatar da ta biyo bayan fashewar bama-bamai a barikin Ikeja. Matarsa Ni'ima ta tafi Isolo barka tun ranar Lahadi, kuma har yanzu shiru. Ya zaga asibitoci har ƙafafunsa suka kumbura, ko'ina tambaya ɗaya ake yi masa, ina hotonta. Ka ji fa, mai hoto guda a Agege, ba shi da hoton matarsa a takarda. Ita ce ba ta so, da ta ga kyamara sai ta ja mayafi. Guda ɗaya tak ya taɓa samu, ranar Sallah tana dariya ba ta ankara ba, shi ma yana cikin kwamfuta.

Kwamfutar kuwa 'yar tokumbo ce, wato gwanjon ƙasar waje, ta ɗorawa a cinya, a Idumota ya saye ta, ta tsufa tun kafin ta tsallako teku. Ya kunna ta, ta yi ta nishi, da ƙyar ta farka. Ya taɓa hoton, sai ta jefo masa saƙo da Turanci wai cikinta ya cika, babu wurin da za ta buɗe komai, balle ta tura wa firinta. Ya sake gwadawa, ta sake maimaitawa. Ya san ciwon sarai. Tun da ya buɗe shagon bai taɓa goge hoton kowa ba. 'Yan ci-rani sanye da kwat ɗin aro, masu gadi, 'yan okada, masu shayi, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban labulensa don ya aika gida a ga Legas ta karɓe shi, yana nan jibge.

Ga lokaci na gudu. Matasan unguwa sun yi hayar ƙaramar bas, danfo, da za ta tashi zuwa Isolo bayan azahar, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa waɗanda aka tsamo daga kwatar Oke-Afa ta can Isolo, inda masu gudun bama-bamai suka faɗa suka nutse, in ba a gane su ba, rami ɗaya za a haɗa su. Babu wuta, daga janaretan mai askin kusa da shi ya ja waya, mai askin kuma ya leƙo ya ce man ya kusa ƙarewa. Ƙasimu ya ce a ransa kowa ya yi ta kansa. Ya zaɓe hotunan gaba ɗaya ban da na Ni'ima, ya kai yatsa zai share.

Sai ga Mouna a ƙofa, wata 'yar Maraɗi mai sayar da fura, da goyo a baya. Mijinta Idrissa gadi yake yi a Oshodi, shi ma tun Lahadi. Ta ce ta san ya taɓa ɗaukar foto a nan, shi kaɗai gare su a duniya, don Allah Malam Ƙasimu ya fitar mata. Ba ta yi kuka ba, muryar ce kawai ta mutu.

Ƙasimu ya janye yatsansa. Saura ƙiris ya share Idrissa, da Allah kaɗai ya san mutum nawa irinsa. Shekaranjiya waɗannan hotuna tarkace ne, yau kuwa ba ya iya cewa ga wanda uwarsa za ta zo nema gobe. Amma in bai goge ba, Ni'ima ba za ta fito ba. Wallahi ya ji haushin Mouna, ya ji haushin kansa da ya ji haushinta, ya rasa inda zai sa ransa.

Ya ɗauki kwamfutar har iyakar inda waya ta kai, ya ɗora ta kan benci a bakin shago, ya juya fuskarta ga titi. Ƙananan hotunan dai tana iya nuna su, kowanne kamar kan sarki. Ya kira duk wanda ke kusa, ya ce su taimake shi don girman Allah, zai riƙa nuna fuska, wanda ya ga mai ita da idonsa bayan Lahadi ya faɗa.

Aka fara. Wannan ai Khamisu ne, da shi aka yi asuba. Ƙasimu ya goge. Wannan yana Ojota yana sauke albasa, an gan shi jiya. Ya goge. Wannan ya koma gida tun damina. Wani ya ga kansa a ciki, ya ce a goge shi maza, ga shi nan tsaye da ransa, har wasu suka yi 'yar dariya suka haɗiye ta. Kafin wani lokaci titin ya cika, duk wanda aka goge sai a ce alhamdulillahi. Wanda aka yi shiru a kansa sai Ƙasimu ya tsallake, ba mai kallon idon wani. Wata tsohuwa, Turai, ta nace lallai a goge ɗanta, ta ce jikinta ya ba ta yana raye. Ƙasimu ya tambaye ta ko ta gan shi, ta kawar da kai, ya tsallake tana zaginsa.

Bayan kowane ashirin ko talatin sai ya gwada hoton Ni'ima, kwamfutar ta ce da saura. Janareta ya fara tari. Gumi ya jiƙa masa riga, sau biyu yana kusan goge wanda ba a shaida ba. Direban danfo ya fara danna oda a bakin masallaci.

Ana cikin haka Audu ya iso. Lebura ne, ƙato mara magana, yana cikin waɗanda suka shiga kwatar tun Litinin suna tsamo mutane, har yanzu da baƙin taɓo a wandonsa. Ya tsaya can baya. Da aka zo kan wani mai shayi aka yi shiru, sai ya ce a hankali, "Bar wannan." Aka wuce, can ya sake faɗa a kan wani yaro ɗan okada. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, wata mata dai ta zauna a ƙasa daɓas. Da Idrissa ya fito, Mouna ta juya ta kafe Audu da ido. Ya duba da kyau, ya girgiza kai ya ce shi kam bai gan shi ba. Ta sauke numfashi, ta gyara goyonta.

Ƙasimu ya sake gwadawa. Wannan karon kwamfutar ta yi jim, sai hoton ya fara sauka daga sama, ɗankwali, goshi, idanu, har dariyar ta cika allon. Firinta ta motsa a cikin shago ta kama jan takarda. Bai yi niyyar tambaya ba, bakinsa ne ya riga ya saba.

"Wannan fa, wa ya gan ta?"

Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon kowa da ido, yana kauce wa bayan taron, har dai ya rasa inda zai kai idonsa sai can. Audu ya riga ya cire hularsa.

"Bar wannan, Ƙasimu," in ji shi.