Ciyawar Larai da Injin Fetur

Ɗana na fari, Abdulkabir, ya gina gida a gefen gonarmu ta bayan gari a Zakirai, ya kewaye shi da katanga, ya haƙa rijiyar burtsatse, sannan ya rasa abin da zai shuka a filin da ya rage sai ciyawa. Ciyawa fa, wadda na ƙarar da ƙuruciyata ina nomewa. Da mota aka kawo irinta daga Kano aka dasa, ana ba ta ruwa safe da yamma kamar albasa. Na yi magana sau ɗaya aka ce mini ado ne, na ƙyale su.

Shi a birni yake aiki, yana zaune a Rijiyar Zaki da iyalinsa, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Wadda ta ci moriyar wannan shirmen ita ce ƙanwata Larai. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da tunkiya ɗaya da awaki uku, kuma ba ta karɓar komai a hannun kowa. Na taɓa aika mata damin harawa, ta ɗauko shi a ka ta dire mini a ƙofar ɗaki, ta ce ita ba ta roƙi kowa ba. Amma yankan ciyawar gidan Abdulkabir, a wurinta aiki ne take yi wa ɗan da ta goya. Kullum da hantsi za ta shiga da lauje ta cika kwando, ta fito tana mita wai yaran zamani sun bar gida ya zama daji. A tsakiyar rani, kowa yana ba dabbobinsa kara da ƙaiƙayi, tunkiyarta ɗanyar ciyawa take ci, ga ta da tsohon ciki.

Wata Asabar Abdulkabir ya zo da abokan aikinsa biyu, suka tarar da ita a durƙushe cikin rana. Bayan sun tafi ya same ni a zaure ransa a ɓace.

"Baba, na ji kunya yau. Gwaggo da shekarunta tana yi mini yankan ciyawa? Inji zan saya. A samu wani ya riƙa bi da shi sau ɗaya a mako, ta huta."

"Ita ta ce maka ta gaji?"

"Ai ba za ta faɗa ba."

Gaskiyarsa, ba za ta faɗa ba. Ni ma ban iya buɗe baki na ce masa gwaggonsa ba ta da abin ba dabba ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira a gabansa, balle na zauna ina tona masa asirin 'yar'uwata. Sai na ce zan raka shi, tunda na shekara ashirin ina fama da injin ban ruwa, na san mai kyau da na banza.

Ranar Litinin muka shiga wani kanti a Kano. Mai kantin, Uzairu, mutum ne mai baki, tun kafin mu gama gaisawa ya jawo wani jan inji mai faɗi kamar amalanke.

"Alhaji, wannan shi ne naka. Da kansa yake tafiya, kai dai ka riƙe ka bi shi. Baba, ka ga wuƙarsa?"

"Na gani. Ciyawar da ya yanka ina take zuwa?"

"Ai nan ne daɗinsa! Niƙe ta yake yi kamar gari, ya watsa a ƙasa ta zama taki. In ya wuce ko ƙwaya ɗaya ba za ka gani ba."

"Ya niƙe ta."

"Lilis, Baba."

"Ɗanyar ciyawa. A watan da damin harawa ke gagarar mutane."

Uzairu ya dubi Abdulkabir, shi kuma ya dubi silin. Na ce a nuna mana wani. Aka kawo na biyu, wanda ake ratayawa a kafaɗa, doguwar sanda da wuƙa a bakinta. Wannan ya kwanta mini, don yana barin ciyawa da tsawonta kamar yankan lauje. Na ɗaga shi, na ji nauyinsa har ƙugu, na tuna wa zai ɗauka, na mayar.

"Wanne ne yake tara abin da ya yanka?"

"Akwai mai jaka a baya, amma ƙarami ne, kuma tura shi ake yi. Bai dace da gidan Alhaji ba."

"Gidan ka taɓa zuwa? Kawo shi."

Ya kawo yana ɓata fuska. Na sa ya cire jakar na zura hannu, za ta ci rabin kwando. Na tambayi fulogi, ya ce irin na janareta ne. Na tambayi igiyar tayarwa in ta tsinke, ya ce kowane bakanike zai ɗaura wata. Na tambayi yadda ake ɗaga wuƙar sama don kada ta aske ƙasa, ya nuna mini wani ƙarfe a jikin taya. Sannan na ce a zuba fetur, zan tayar da kaina.

"Baba, bari na ja maka," in ji Abdulkabir.

"Matsa."

Na naɗe hannun riga na kama igiyar da hagu, don a ganina ƙarfin haguna shi ne daidai da na mace. Jan farko shiru, na biyu ya yi tari, na uku ya kama. Na kashe, na koma kan jan injin nan na farko, na ja igiyarsa da hagu har sau shida bai ko motsa ba, sai kafaɗata da ta amsa. Mutanen kantin gefe har sun fara leƙowa.

Abdulkabir ya ja ni waje, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Don Allah Baba, me ke faruwa? Tun ɗazu kana ta maganar ciyawa. Ciyawa ce fa kawai. Kuma me ya kawo jan igiya da hagu?"

A nan haƙurina ya ƙare.

"Kai, karatun naka bai nuna maka tunkiya tana cin abinci ba? Kwandon da gwaggonka take fita da shi kullum, a bola kake zaton take zubarwa?"

Ya ce, "To ai da an faɗa mini. Sai na saya mata dusa da harawa har damina."

"Saya ka kai mata. Ka tsaya kusa da ƙofa dai, don ka samu hanyar fita. Ni yayanta ne, ta dawo mini da nawa. Ciyawar nan tana ɗauka ne don a ganinta kai take taimaka wa. Ranar da ka ɗauko wani ya yanke, ko a buhu ka kai mata ta zama sadaka, ba za ta taɓa ba. Tunkiyar ta haihu ba nono, ka ji daɗi."

Ya koma ciki ya ce a ɗaure mana mai jakar. Uzairu yana ta cewa Alhaji zai yi da-na-sani.

A mota na koya masa abin da zai faɗa, har sau uku, don na san halinsa da rawar baki. Da la'asar muka isa, ya aika aka kira ta. Ta shigo da laujenta a hannu, ta kewaya injin tana kallonsa kamar an kawo mata kura.

"Gwaggo," ya ce, "na sayo wannan abin, kuma ban yarda da kowa a kansa ba. In na bar wa mutanen waje, sati ɗaya za su kashe shi. Ki taimaka ki riƙe mini."

"Da ka tambaye ni da ban bari ka saya ba. Kuɗi sun yi maka yawa, Kabiru. Ina ake kama shi?"

Na matso zan nuna mata yadda za ta dafe da ƙafa ta ja a hankali, in bai tashi ba ta sake. Ta ture hannuna, ta fizgi igiyar sau ɗaya, injin ya ɗauka da ƙara har awakin maƙwabta suka watse. Na manta hannun ya shekara hamsin yana daka.

"Yaya, wannan ne kake ta yi wa bayani?"

Ta tura shi daga bakin famfo zuwa katanga, ta dawo, ta kashe. Ta juye jakar a kwando, ta damƙi ciyawar ta shinshina.

"Ya yanka ƙanana kamar za a yi miyar alayyahu. Amma ba warin mai. Za su ci."

Ta jawo injin ta kai inuwa ta rufe shi da tsohon buhu. Abdulkabir ya dubi layi biyun da aka yanke, ya dubi sauran filin da ciyawa ta kai ƙauri.

"Gwaggo, saura fa? Ai minti ashirin zai gama duka."

"In yanke duka yau, gobe su ci me? Ɗanya in ta kwana a tare zafi take yi ta ruɓe, ta kumbura musu ciki. Layi biyu kullum."

"Amma ranar Asabar surukaina za su zo ganin gidan."

"Su zo. Ka shimfiɗa musu tabarma a inda aka yanke."

Ya juyo yana dubana, wai ko zan sa baki. Na ce masa ni nawa aikin ya ƙare tun a kanti, kafaɗata ma har yanzu ciwo take. Larai ta ɗora kwandonta a ka, ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa masa hannu.

"Mukullin gidan. Yanzu da inji a ciki ba za a ƙara barinsa a buɗe ba. Kuma in za ka zo ka riƙa tahowa da fetur, ba na son na bakin titi."

Ya zaro ya ba ta.