Manniru Ya Ƙi Cin Abinci

Tun da aka kwantar da Manniru a sashen masu taɓin hankali, ko loma bai kai baki ba. Makiyayi ne daga wata ruga a bayan Yangoji. Ciwonsa irin wanda ke sa mutum jin muryoyin da babu masu su ne. Surukinsa, Malam Dallatu, shi ya kawo shi, shi kuma ke jinyarsa. Tsohon ba ya motsawa daga bakin gadon sai salla.

Nafeesa, nas ɗin da ke kula da shi, ta saba da masu irin ciwon. Da yawa sukan ƙi abinci don sun gaskata an zuba musu guba. Kowa ya ɗauka haka ne.

"Wannan mutum ba ta ci," in ji Godfrey, abokin aikinta, da gurguwar Hausarsa. "Oga ya ce yau a sa mata roba a hanci."

Ta san abin da hakan ke nufi. Sai an danne shi, an ɗaure masa hannu. Wanda ke zargin ana farautarsa, ranar zai tabbatar.

Ta ɗauki tuwon da kanta, ta ja kujera.

"Manniru, muryoyin ne suka hana ka?"

"Sun yi nisa, Sista. Maganin ya rage su."

"Kana tsoron an sa wani abu ne? In ɗanɗana maka?"

Ya girgiza kai. Ya kalli kwanon, ya haɗiyi yawu, ya saci kallon tsohon, ya sunkuyar da kai.

Sai ta gane. Bafillace, a gaban surukinsa! Ko yunwa za ta kashe shi ba zai tauna ba. Tsohon kuwa damuwa ta rufe masa ido, shi ma ya ɗora wa ciwon.

"Baba, ku ɗan sha iska a waje. Zan duba shi."

Dallatu ya dube ta, ya dubi kwanon. Ya ce, "Subhanallahi," ya ɗauki butarsa da sauri ya fita.

Ta ja labule, ta juya baya.

"Sista," Manniru ya ce ƙasa-ƙasa, "su fa suna nan, suna kallona."

"Na san kana jin su. Ni ban ji ba. Cikinsu akwai surukinka?"

Ya yi 'yar dariya.

"Babu."

"To bisimilla."

Ta tsaya tana kallon bango har ya suɗe kwanon.